Yadda Rayyis Balarabe Ya Toshe Taga

Madina ba ta da teku. Ruwan da ya fi girma a garin shi ne tafkin ban ruwa na lambunan Ƙuba, wanda ko jaki zai tsallaka bai jiƙa kunne ba. Amma duk wanda ya zauna a gidan shayin da ke bayan masallacin Anbariyya a shekarun nan ya san teku ciki da waje, don da an idar da La'asar Rayyis Balarabe zai haye gadon kabar nan da ke ƙarƙashin fanka, ya tura hula ƙeya, sai igiyar ruwa ta fara tashi har ta nemi kife kofunan mutane.

Rayyis shi ne abin da mutanen gaɓa ke kiran shugaban jirgi. Ba wanda ya naɗa Balarabe, shi ya ɗauki abinsa. A cewarsa, shekarar da suka tsallako daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda shi da matarsa Zinariya, guguwa ta taso, shugaban jirgin ya suma, shi kuwa ya naɗe hannun riga ya kama tuƙi har gaɓa. Alhazan da ya ceta kullum ƙaruwa suke yi, kamar suna haihuwa a cikin labarin. Sunan nan shi ya ba shi gadon ƙarƙashin fanka, wuri ɗaya tak da iska ke kaiwa a gidan shayin, kuma in ka raba Balarabe da sunan da gadon, abin da zai rage tsoho ne mai sayar da carbi a bakin titi. Shi ma ya san haka.

Mutum ɗaya ne ba ya barinsa ya sha iska lafiya, wato taubashinsa Maikuɗi direban tasi.

"Jiya ka ce kifin ya kai raƙumi," in ji Maikuɗi. "Yau kuma ya kai mota."

"Kifi ba ya girma ne? Kai da ka zo a jirgin sama, an ɗaure ka da bel kamar akuyar kasuwa, ina kai ina zancen ruwa?"

Haka suke har shekarar da aka fara manyan gine-gine a garin Yanbu da ke bakin teku, samarin Madina suka kwarara can neman aiki. Cikinsu akwai Lurwanu, ɗan marigayi Abdussamad mai lambu. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa. Filin da jirgin yake aka ce za a yi gini, Lurwanu ya rasa inda zai kai shi, sai ya ɗora shi a bayan babbar mota ya kawo lambun ubansa a Ƙuba. Aka girke shi bisa kututturan dabino, aka jingina masa tsani. Kafin azahar labari ya kai Anbariyya, kafin la'asar gidan shayi ya kwashe kaf ya tafi kallo, Maikuɗi na jan Balarabe a gaba.

Suna isa wani warin gishiri da tsohon kifi ya buso daga cikin jirgin. Warin ya tuna wa Balarabe abin da ya daɗe da mantawa. Ya haɗiye yawu, ya ƙwanƙwasa jikin jirgin da sanda, ya kaɗa kai.

"Ƙarami ne. Irinsa muke ratayawa a gefen namu don ɗebo albasa."

Lurwanu haifaffen Madina ne, Hausarsa rabi ce, sauran rabin Larabci. Ya ce, "Ya Ammi, jirgin lafiyarsa ƙalau. Bas tagogin nan biyu na dama da murfin sama, moya, wato ruwa, na shiga. Zan kawo mu'allim mai gyaran jirgi daga Yanbu ya gyara."

Maikuɗi ya dafe ƙirji. "Mu'allim daga Yanbu? Ga Rayyis a tsaye? Yaro, kana so ka kashe dattijo da baƙin ciki?"

Ido ya dawo kan Balarabe. Da ya yi shiru a nan, da ya kwana lafiya. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Ku bar mini shi," in ji shi. "Ka koma aikinka, ɗana, ka dawo Juma'ar sama. In ɗigo ɗaya ya shiga jirgin nan, kada wanda ya ƙara ce mini Rayyis, gadon fanka kuma na bar wa wannan mai bel ɗin."

"Jama'a kun ji," in ji Maikuɗi.

Lurwanu ya dubi Balarabe. Abokin ubansa ne, ba a ce masa a'a a gaban mutane. Ya ce "Ɗayyib, ya Ammi," da muryar wanda ya ba da aron sabon takalmi ranar ruwa.

Washegari Balarabe ya hau tsani yana karanta duk addu'ar da ya sani. Tagogi huɗu ne, 'yan kewayayyu kamar faifai. Biyu ne ke yoyo, amma ya ce likitan ƙwarai ba ya duba ido ɗaya ya bar ɗaya, ya kwance duka huɗun. A bakin kowace ya tarar da baƙar roba ta zagaye gilashin. Ya zaro ta ya ɗaga wa masu kallo.

"Ga ciwon nan! Wa ya taɓa tare teku da igiyar takalmi?"

Ya wurgo ta ƙasa, awakin lambu suka karɓa da godiya. Kusoshin kuma ya tara su a gwangwanin madara ya ajiye a bakin jirgi. Da ya juya gwiwar hannunsa ta ture gwangwanin, ya gangara ya faɗa magudanar ban ruwa, ruwa ya tafi da su wajen kabewa. Wani ya ce a bi su. Balarabe ya ce a bar su, kusa ta masu ƙaramin sani ce, jiragen da ya sani ko allura babu a jikinsu.

Da aka tambaye shi da me zai riƙe gilashin, ya ɗaga kai yana neman amsa, ya ga dabino. Nan take ya tuna cewa haka mutanen Sawakin ke yi. Ya sa aka kirɓa masa dabino a turmi har ya yi danƙo, ya cuɗa da zaren jikin bishiyar, ya shafe bakin tagogi da na murfi, ya manna gilasai. Abin ya yi kyau, har ƙamshi yake.

Da safe ya iso ya tarar da jama'a sun riga shi. Kiyashi sun yi layi tun daga katangar lambu har saman jirgi, baƙi ƙirin. Akuya biyu sun hau tsani, Allah kaɗai ya san yadda aka yi, suna lasar bakin murfi. Gilashi ɗaya na kwance a ƙasa, an suɗe shi tas.

"Rayyis, barka da asuba," in ji Maikuɗi. "Fasinjojinka sun cika, kai kaɗai ake jira."

"Gwaji ne wannan. Ana fara wa jirgi da zaƙi don katako ya saki jiki."

"To ya saki. Har gilashi ya saki."

Ranar Balarabe ya koma gida ba ya ko son ganin dabino. Ya zauna a tsakar gida ya yi tagumi. Zinariya na gefe tana aikinta. Wankin hula take yi wa mutanen unguwa da alhazai, ta wanke, ta tsoma a ruwan ƙaro, ta kifa a kan gwangwani a rana. Ƙaron nan ƙanwarta ke aiko mata daga Sudan, tana ji da shi kamar zinare. Balarabe ya ɗauki wata hula da ta bushe, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Ta yi ƙara kamar ƙwarya. Ya danna, ta ƙi lanƙwasa. Fuskarsa ta washe.

"Alhaji, wannan murmushin ban yarda da shi ba," in ji Zinariya.

"Tunani nake, Hajiya."

"Shi nake tsoro."

Da ta tafi kai huluna unguwar Harra ta Gabas, ya sunkuci buhun ƙaron da babbar tukunyarta. Ya farke gefen katifa ya yagi auduga iya ƙarfinsa, ya juya wajen da ya farke ya fuskanci bango. A lambu ya dafa ƙaro har ya yi kauri, ya tsoma auduga, ya cusa a bakin kowace taga, ya manna gilashi, ya ƙara shafawa. Ranar Madina ba ta wasa da jiƙaƙƙen abu. Kafin ya gama ta huɗu, ta farko ta sandare kamar dutse. Ya sa ƙarti biyu suka tura da ƙarfinsu, ko gezau. Masu kallo suka fara duban juna, har wani ya ce ashe dai tsohon ya san abin da yake yi. Balarabe ya ji maganar ta ratsa shi har tafin ƙafa.

Sai murfi. Ya ce murfi daga ciki ake gyara shi, don ruwa ciki yake nufa. Ya sauka ɗakin jirgin, ya jawo murfin ya rufe, ya bi bakinsa da ƙaro da auduga, ya shafe tsaf. Ya zauna yana yaba aikinsa. Da ya ji kiran sallar azahar ya miƙe ya tura. Murfi ya ce bai san zancen ba.

Masu kallo duk sun tafi masallaci. Ɗakin ya zama tanda. Balarabe ya buga, ya yi kira, ya yi salati, ya cire rawani, ya cire hula, ya koma ya kira Maikuɗi da sunayen da ba a faɗa a lambun marigayi. Da aka dawo daga salla aka ga fuska manne da gilashi, baki na buɗewa yana rufewa.

"Ga kifin da ya kai mota," in ji Maikuɗi.

Aka sa wuƙa, ta ƙi shiga. Aka kawo guduma, wani ya ce jirgin mutane ne. Maikuɗi na tsaye a sama da butar alwalarsa, garin leƙe ruwan ya tsiyaye a bakin murfin. Jim kaɗan ya ga wurin ya yi laushi. Ya ƙara zubawa, ya zagaye bakin duka, ya ja, murfi ya buɗe salin alin. Ya dubi butar, ya dubi ƙaron da ke narkewa a yatsunsa, bai gaya wa kowa abin da ya gano ba. Shi dai murmushinsa ya kai kunne.

Aka zaro Balarabe jiƙe sharkaf, ido ya yi ja. Bai ga buta ba, bai ga komai ba. Da ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara cewa shi ne, "Kun gani? Iska ma ba ta shiga, balle ruwa."

"Wallahi na sallama, ɗan'uwa," in ji Maikuɗi. "Aiki irin wannan bai kamata a ɓoye shi ba. Ranar Juma'a zan kawo tankar ruwa, a fesa a gaban kowa, maƙiyanka su ji kunya."

"Kawo biyu."

"Ɗaya ma ta isa."

Juma'a bayan an sauko, lambun Abdussamad ya cika. Mutanen gidan shayi, maƙwabta, mata a inuwar katanga, har da waɗansu alhazai da suka zo ziyarar masallacin Ƙuba suka ga taro suka biyo. Lurwanu ya iso daga Yanbu, ya zagaya jirgin, ya taɓa abin da ke bakin tagogin, ya shinshina.

"Ya Ammi, esh hada? Ina robar?"

"Tana cikin awaki. Koma gefe ka ga aikin manya."

Balarabe ya sha farar riga sabuwa da rawani. Ya sake gyara murfin, wannan karon ya bar shi yana buɗuwa. Ya tsaya a saman jirgi ya yi jawabi, ya ce shi da kansa zai zauna a ciki, in ya rufe murfi a saki ruwa, zai fito da rigarsa a bushe kamar yadda ya shiga. Ya sauka.

Bai kai ga rufewa ba sai ga Zinariya ta keto taro. A safiyar nan ta juya katifa ta ga inda aka farke, ta kuma nemi buhunta da tukunya ta rasa. Ta tattare zane ta hau tsani, ta leƙa.

"Alhaji, tukunyata."

"Hajiya, mutane na kallo."

"Su kalla. Ga ta can a bayanka, miƙo."

"Bayan gwaji."

Ta sauka da kanta. Shi kuwa don kada jama'a su ji abin da za a faɗa masa, ya yi maza ya jawo murfi ya rufe. Maikuɗi ya ɗaga hannu ya ce wa mai tanka, "Yalla!"

Ruwa ya daki jirgin kamar ana dukan ganga. Zinariya ta tsaya da faɗa, ta dubi bakin taga, ta lakato abin da ke wurin.

"Ƙarona ne wannan?"

"Ki ji yadda ya riƙe. Dutse!"

"Alhaji, shekara nawa kana ganina ina wankin hula? In hula ta yi datti, da me nake fitar da ƙaron jikinta?"

Balarabe ya ɗaga kai ya dubi murfi. Ɗigo ya sauka a kan hancinsa. Wani ya bi. Bakin murfi ya fara zubo wani abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, da guntayen auduga. Gilashin tagar dama ya zame a hankali, ya yi sallama, ya faɗa waje. Ruwan tiyo ya shigo da ƙarfinsa ya nufi Zinariya, ya kuskure ta kaɗan, ya fizge mata mayafi.

Abin da ya faru daga nan Balarabe bai yi shawara da kansa ba. Ya ture ta gefe, ya juya, ya danna bayansa a ramin tagar, ya dafe bango da ƙafafu. Ya warware rawani ya yafa mata a ka.

Daga waje jama'a suka ga ruwa ya daina shiga, wani farin ƙullutu ya kumburo ta taga. Mai tanka bai san ko mene ne ba, an dai ce ya fesa tagogi, ya saita tiyo a kansa. Ƙullutun ya motsa, ya yi salati. Lambu ya kaure da dariya, har alhazan da ba su jin Hausa suna riƙe ciki. Taga ta biyu ta faɗo. Lurwanu ya ɗora hannu a ka yana ihu, "Halas! Halas! Kashe moya!"

Aka kashe. Zinariya ta fito da tukunyarta a hannu, kanta a bushe. Balarabe kuwa sai da aka jira, don kafin a gama dariya rana ta fara aikinta, rigar ta manne da bakin taga. Da ƙyar aka ɓamɓaro shi, bayan rigar ya zauna a can. Ya fito auduga a gemu, auduga a gira, kiyashin da suka rage daga ranar dabino suna bin wuyansa. Ya tsaya a saman jirgi. Kunya ta kama shi har ya ji da ma murfin ya sake mannewa yana ciki.

Maikuɗi ya share hawaye ya ce, "Hajiya, ke kaɗai ce shaida. Don girman wannan gari, gaya mana. Mutumin nan ya taɓa tuƙa jirgi?"

Balarabe ya sunkuyar da kai. Zinariya ta gyara riƙon tukunya.

"Tuƙi ban gani ba, don ni ina ƙasa." Ta ɗan tsaya. "Shi ma yana ƙasa."

Dariya ta sake tashi. Ta bari ta lafa.

"Tun da muka bar Sawakin yake amai kamar zai fitar da hanjinsa. Sai wata 'yar taga ta ɓalle, faɗinta kamar faifai, ruwa na feso mana, ga jaririya a hannuna. Maza na nan cike da jirgi, kowa na ta kansa. Ya ja ciki ya je ya toshe ta da bayansa, bai ɗaga ba sai da aka ce ga Jidda. Gishiri ya cinye masa fata, tabon na nan, ku duba tunda rigar ta buɗe muku. Gyaran taga dai bai iya ba. Amma ni ruwa bai taɓa dukana yana kusa ba."

Ba wanda ya yi dariya. Mutanen da ke bayansa suka duba, suka ga tabon, kewayayye. Shekara da shekaru Balarabe na ba da labarin teku bai taɓa faɗar wannan ba, don a ganinsa ba abin faɗa ba ne a ce namiji ya tsallaka teku da baya.

"Ƙarona kuma," in ji Zinariya tana sauka tsani, "da katifata, muna da magana a gida."

Lurwanu ya kawo mu'alliminsa daga Yanbu, wannan ba abin da ya dame mu ba ne. Alkawari dai alkawari ne. Washegarin gwajin da la'asar Balarabe ya shiga gidan shayi a hankali, ya zauna a bencin bakin ƙofa inda rana ke bugawa. Maikuɗi na bisa gadon fanka, ya miƙe ƙafa. Aka kawo shayi. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar cokali. Maikuɗi ya juya dama, ya juya hagu, ya yi tari.

"Fankar nan mura za ta sa mini," in ji shi. "Iskar ta yi yawa. Kai, Rayyis Murfi, taso ka toshe mini ita, tunda sana'arka ce."

Balarabe ya yi kamar bai ji ba. Sai da aka sake kira, sannan ya tashi da nauyi, kamar wanda ake roƙo, ya zo ya zauna. Ya kurɓi shayi. Wani daga gefe ya ce a ba su labarin tagar Sawakin. Balarabe ya ƙara kurɓa, sannan hannunsa ya tafi a hankali ya tura hula ƙeya.

"Tagar nan," in ji shi, "faɗinta ya kai ƙofar gareji."

"Jiya Hajiya ta ce kamar faifai," in ji Maikuɗi.

"Taga ba ta girma ne?"